Yatsan Mika'ilu

Babban yatsan Mika'ilu na hannun dama yana binne a gindin wata ɗinya da ke bayan maƙabartar ƙauyensu, naɗe cikin farin ƙyalle kamar ƙaramar gawa. Liman ne ya ce a yi haka, domin tsokar ɗan Adam ce, ba a yar wa karnuka. Wanzamin da ya ƙarasa yanke shi ya ce bai taɓa ganin yatsa mai kanta irinsa ba. Da ya ɗora shi a tafin hannu, sai ka ce ɗan dankalin da aka tono yanzu.

Bindigarsa ce ta ci shi. Wata rana da hantsi ɓarayin daji suka tsallako ta iyakar Katsina, suka kore shanun noma daga gonakin mutane. 'Yan sa-kai suka bi su har gadar rafi, Mika'ilu a gaba, kamar yadda ya saba shekara shida. A harbi na uku bindigar toka, ƙirar maƙerin garin, ta fashe a hannunsa. Shanu dai an ƙwato su. Shi kuma aka kawo shi gida a babur, hannun naɗe da rawanin wani.

Kwana tara bayan haka ranar tantancewa ta zo. Gwamnati ta ce ta gaji da 'yan sa-kai barkatai, kowa da bindigarsa, kowa da dokarsa. Za a kafa sabuwar runduna. Za a karɓe bindigogin toka, a ɗauki waɗanda suka yi aikin, a horar da su, a ba su kaki da albashi da katin asibiti. Kowane ɗan sa-kai sai ya je makarantar firamare a Tsanyawa da takardar mai unguwa, a ɗauki hotonsa, ya ɗora yatsa a kan wata na'ura mai koren haske.

Ana gobe za a tafi, bayan la'asar, yayansa Sha'aban ya yi sallama a ƙofar ɗakinsa. Sha'aban shi ne babban gida tun rasuwar mahaifinsu, shi ke riƙe da gandu da makullin rumbu. Ya zauna a bakin tabarma, ya dubi hannun, ya kau da kai.

"Ya jikin, Auta?"

"Da sauƙi, Yaya. Gobe in Allah ya kai mu Hadi ya goya ni a babur."

"Maganar da ta kawo ni ke nan." Sha'aban ya gyara zaman hularsa. "Na yi tambaya. Injin nan babban yatsa yake so. Wanda ba shi da shi ko layi ba a bari ya hau. Sun ce ba sa ɗaukar nakasassu."

"Wa ya ce?"

"Kowa yana faɗa."

"Ai ina da na hagu."

"Auta, gwamnati ce fa. Kai za ka koya mata aikinta? Ka je su gan ka haka, su soke sunan, su sa na ɗan wani mai faɗa a ji. Shekara shida kana bin daji, a ƙarshe gurbin ya tafi gidan da ko akuya ba su taɓa korowa ba."

Mika'ilu ya dubi hannunsa. Yatsan da babu shi yana masa ƙaiƙayi, daidai ƙarƙashin farce, kuma ba inda zai sosa.

"Abin da na gani shi ne, Hadi ya je ya amsa sunan," in ji Sha'aban. "Ɗana ne, ɗanka ne. Mika'ilu Ɗan Iya dai a gidan nan yake, ko kai ko shi. Mai unguwa ya san da maganar. Idan ka warke sai mu je mu ce an yi kuskure, a gyara. Riƙo kawai zai yi maka."

"Ana riƙe wa mutum suna, Yaya? Kamar tunkiyar kiwo?"

"Kai dai ka cika kawo magana."

Sai ga Inna, mahaifiyarsu, ta leƙo da sandarta. Ashe tana bakin ƙofa tun ɗazu. "Auta, ka bi maganar yayanka. Tuwon da za a ci, tukunya ɗaya za a tuƙa shi. Kada ka raba mini kan 'ya'ya ina raye."

Mika'ilu ya ce to. Ba yarda ya yi ba, zazzaɓi ne ya danne shi, kuma bai taɓa yi wa Inna musu ba.

Hadi ɗan shekara ashirin da shida ne, dako yake yi a kasuwar Dawanau, ko gwafar harbin tsuntsu bai taɓa ja ba. Washegari ya dawo da azahar, bakinsa har kunne, ya zauna a tsakar gida yana ba da labari.

"Wallahi Baffa, da ka ga abin dariya. Injin nan ya ƙi manoma! Fartanya ta shafe musu zanen yatsa. Mutum ya ɗora, ja. Ya tofa yawu ya sake ɗorawa, ja. Wani ya goga a goshinsa. Ƙarshe sai da mai awara ta bakin makaranta ta riƙa lakato musu mai a murfin gwangwani. Ni kuwa ɗorawa ɗaya, kore shar."

Mika'ilu, da ke jingine da bango, ya ɗan matso. Shi mutum ne mai son jin yadda abu yake aiki.

"Yana magana, injin?"

"A'a, ɗan ƙara kawai yake yi, ƙit."

"To ina yake ajiye yatsan?"

"A cikinsa mana, daga nan ya aika sama. Malamar da ke zaune a wajen ta ce daga yau wannan yatsan shi ne kai. Ko ka tsufa, ko ka rame, ko ka bar gemu, injin ba ya mantuwa."

Hadi ya faɗi maganar kafin ya ji nauyinta. Tahira, matar Mika'ilu, ta daina tankaɗen da take yi, rariyar a hannunta.

"Bindigata fa?" in ji Mika'ilu.

"Na miƙa ta. Sun rubuta, sun jefa ta cikin tulin sauran. Wani ya ɗaga ta ya ce, kai, wannan da ta fashe haka ba ta taɓa ka ba? Na ce Allah ne ya kiyaye."

Hadi ya tafi horo na mako shida. A cikin makonnin nan gero ya fitar da kai, hannun Mika'ilu kuma ya kumbura. Tahira tana wanke shi da ruwan gishiri safe da yamma, tana barbaɗa garin bagaruwa. Mai kemis ya ba da ƙwayoyi ja da baƙi, an sha sun ƙare. Bakin ciwon ya yi kamar zai haɗe, sai ya sake buɗewa, wani ruwa yana fita. Wata rana Tahira ta zaro ɗan guntun ƙarfe daga ciki, kamar ƙwayar dawa. Mika'ilu ya karɓa, ya juya shi a hasken rana, ya ce ashe har yanzu bindigar ba ta gama rabuwa da shi ba. Ya sa shi a aljihu.

Ya fara neman a kai shi asibiti. Karo na farko Sha'aban ya ce a bari a gama maimai, ba mai lokaci. Karo na biyu ya ce maganin gida bai gama aikinsa ba, ba a haɗa magani biyu. A karo na uku ne ya faɗi gaskiyar, murya ƙasa-ƙasa.

"Duk likitan da ya ga hannun nan zai san albarushi ne. Ciwon bindiga kuwa sai da takardar 'yan sanda. Takardar za ta ce wa? Mika'ilu Ɗan Iya. To Mika'ilu Ɗan Iya yana can yana fareti da yatsu goma. Ka yi haƙuri a ba su lambar aiki tukuna."

"In an ba su lambar, yatsan nasa zai ragu ne?"

"Auta, kada ka ɗaure ni da magana."

Ƙudaje suka gane ɗakin. Tahira ta rataya tsohon gidan sauro a ƙofa, ta riƙa turara hayaƙin ɓawon lemo, duk da haka warin yana fita har tsakar gida. Matar Sha'aban ta ɗauke murhunta ta mayar bayan rumbu, ta ce hayaƙi ne ke damun idonta.

Ranar kasuwar Tsanyawa Tahira ta yanke shawara. Ta sayar da kajinta biyu, ta sa wa mijinta riga mai faɗin hannu, ta kama shi suka bi ta ƙofar baya, ta cikin gero, har bakin titi inda ƙananan bas suke tsayawa. Tafiyar da ba ta kai kiran sallah ba, sai da suka huta sau uku. Suna zaune a kan wani kututture sai ga Sha'aban a keke, yana haki, ƙasar gona har gwiwarsa.

"Ina zuwa haka?"

"Asibiti, Yaya," in ji Tahira, ba ta sunkuyar da kai ba. "Ɗan'uwanka ruɓewa yake yi da ransa."

"Ke ba da ke nake ba."

"Da ni kake, domin ni nake wankewa. Ka taɓa kwance ƙyallen nan ka duba? Zo ka duba. Ga shi nan."

Sha'aban bai matso ba. Ya jingine keken, ya durƙusa a gaban ƙanensa, abin da bai taɓa yi ba.

"Auta, ka san abin da aka karanta musu ranar tantancewa? Duk wanda ya amsa sunan wani, kurkuku. Shi da wanda ya ba shi takarda. Hadi zai tafi, ni zan tafi, mai unguwa zai tafi. Inna kuma ba za ta kai kaka ba in ta ji. Ni na yi kuskure, na yarda. Amma don gidan nan na yi. Ka ba ni mako biyu. Na ji labarin wani mai magani a wajen Bichi, ba ya tambayar takarda."

Bas ta zo ta tsaya, kwandasta yana buga ƙofa. "Tsanyawa! Tsanyawa! Malam, za ku ne ko hira kuke?"

Tahira ta ja hannun mijinta na hagu. Bai tashi ba. Yana kallon saman kan yayansa, inda gashi ya fara zubewa, irin na mahaifinsu sak.

"Ku tafi," ya ce wa kwandastan.

Tahira ba ta yi kuka ba. Ta kwance bakin zaninta, ta zube kuɗin kajin a gaban Sha'aban, ta ce ya haɗa ya sayi likkafani, ta juya ta shige cikin gero.

Mai maganin Bichi bai zo ba. An ce ya yi tafiya.

Daga nan Mika'ilu ya ɗauki wata ɗabi'a. Idan zazzaɓin ya sake shi da hantsi, sai ya lallaɓa zuwa gindin ɗinyar nan ya zauna kusa da ɗan tudun da aka binne yatsan. Tururuwa sun yi hanya ta kansa. Yana kallonsu yana tunani: da a ce za a tono shi a kai wa injin, zai gane shi? Ko zanen ya riga ya narke? Yakan buɗe hannunsa na hagu ya duba zanen babban yatsan, layi-layi kamar kunyoyin gona da aka hango daga kan bishiya, ya yi mamakin cewa shekara talatin da takwas yana yawo da takardar shaidarsa a jiki bai sani ba.

A nan Kamaruddeen ya same shi wata rana. Shi ne shugaban 'yan sa-kai na da, wanda ya naɗe masa hannu da rawaninsa a gadar rafi. Yanzu yana cikin sabon kaki, da takalma masu ƙara.

"Sarkin gaba! Kai da kake tsorata ɓarayi, yau kai ne kake gadin tururuwa?"

"Su ba sa neman takarda, shugaba."

Kamaruddeen ya yi dariya, warin ya kai masa, dariyar ta tsaya. Ya ja baya kaɗan.

"Kai ka rubuta sunana a littafinka," in ji Mika'ilu. "Ka san ni. Ka faɗa musu."

"Na sani. Wallahi na sani." Ya dubi takalmansa. "To amma ka san Audu Gajere ya rasu bara, surukina ne ya amsa sunansa. In na buɗe naka, nawa zai buɗu. Mutum bakwai ne a garin nan, Mika'ilu. Ka ga kuwa abin ba na mutum ɗaya ba ne."

Ya zaro goro ya ajiye masa a cinya, ya tafi takalman suna ƙara.

Hadi ya dawo daga horo ya yi baƙi, ya rame, da kaki mai ruwan ƙasa. A ƙirjin rigar an ɗinka suna da baƙin zare. Mika'ilu bai yi nisa a boko ba, amma ya san siffar sunansa, ya san harafin farko mai kama da duwatsu biyu. Hadi ya kawo masa madara da sukari, ya durƙusa a bakin ƙofa bai shigo ba.

"Baffa, ni ba ni na nema ba. Baba ne ya ce."

"Na sani."

"An koya mana abubuwa. An ce ba a dukan wanda aka kama, sai a miƙa shi. An ce kowane harsashi sai an rubuta inda ya tafi. A can kowa yana tambayata labarin gadar rafi."

"Me kake ce musu?"

"Abin da na ji kana faɗa."

"To ka riƙa cewa shanun goma sha ɗaya ne. Kada ka ƙara."

Kwana huɗu bayan haka, da walaha, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan. Wata jami'a ce daga hedikwatar sabuwar rundunar, Malama Ramlat, tana bin ƙauyuka tana duba waɗanda aka ɗauka. Kafin ta gama gaisawa da mai unguwa, Sha'aban ya shigo da sauri, ya kama ƙanensa ya kai shi ɗakin Inna, ya ja asabari. Bangon ɗakin shi ne bangon zaure, kuma akwai ɗan tsagu a sama inda gara ta ci. Mika'ilu yana jin komai.

Ta kira suna, Hadi ya buga ƙafa ya amsa. Ta yaba masa. Sannan aka ji tana buɗe takardu.

"Akwai abin da ya kawo ni kuma. A rahoton gadar rafi an ce bindiga ta fashe a hannun ɗaya daga cikinku. Ban gan shi a tantancewa ba. Ina yake?"

Sai muryar Sha'aban: "Ranki ya daɗe, baƙo ne. Mutumin Katsina ne, ya koma garinsu."

"Kash. Ai irinsu aka ce mu fara rubutawa. Wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko yatsa ɗaya ya rage masa injin zai karɓa. In ma babu, akwai takardar da ake cikewa. A yi masa magani kyauta, a ba shi aikin zama a ofis. An faɗa a rediyo, an aiko wa masu unguwanni."

"Allah sarki," in ji mai unguwa. "Wataƙila takardar ba ta iso ba."

Mika'ilu ya miƙe. Bai san lokacin da ya miƙe ba. Inna ta cafke gefen rigarsa da hannu biyu, hannayen da suka bushe kamar kara.

"Auta. Auta, don nonon da ka sha."

Ya ja, rigar ta yage, ta bar mata ƙyalle a hannu. Ya ɗaga asabari, ya bi bango har zaure.

Malama Ramlat ce ta fara ganinsa. Ta sa gefen mayafinta a hanci, sai kuma ta ji kunya ta sauke.

"Subhanallahi! Bawan Allah, me ya sami hannunka? Ya sunanka?"

Ya dubi zauren. Sha'aban ya daskare. Mai unguwa yana kallon rufi. Hadi yana tsaye ƙiƙam kamar yadda aka koya masa, gumi yana gangarowa ta wuyansa yana jiƙa sunan da ke ƙirjinsa. A bayansa kuma Mika'ilu yana jin jan gindin Inna, ta rarrafo har bakin zaure, tana kiran sunan Allah a hankali.

Guntun ƙarfen nan yana aljihunsa. Ya sa hannun hagu ya taɓa shi. Zaro shi kawai zai yi ya ɗora a kan takardunta.

"Auta ake ce mini," ya ce. "Injin niƙa ne."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta dubi Hadi, ta sake dubansa. Akwai ƙauyuka shida a gabanta kafin yamma, direba kuma ya riga ya tayar da mota.

"Ku kai shi asibiti yau, ba gobe ba. Wannan ai zalunci ne." Ta zaro ɗan kati ta miƙa masa. "Ga lambar ƙorafi. Duk wanda ke da magana ya kira, ba sai ya faɗi sunansa ba."

Sha'aban ya sa hannu biyu ya karɓa. "Bari in adana masa, ranki ya daɗe. Ba ya karatu."

Washegari suka kai shi babban asibiti a birni. A tagar yankar kati aka tambayi sunan mara lafiya, Sha'aban ya leƙa ya ce Hadi Sha'aban, tun da sunan yana nan ba mai amfani da shi. Likitan da ya kwance ƙyallen ya ɗaga kai ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Me kuke jira tun da can?"

"Rashin sani ne, likita."

"Me ya ci hannun?"

"Injin niƙa."

Likitan bai yi gardama ba. Babu abin gardama. Ciwon ya ruɓe har ba mai iya gane abin da ya fara shi. Mika'ilu, a kan gadon turawa, ya ga yayansa ya sauke numfashi, sai ya gane mako biyun da aka yi ta roƙonsa na mene ne. Ba lambar aiki ake jira ba. Jira ake hannun ya daina ba da shaida.

An yanke shi ƙasa da gwiwar hannu kaɗan. Tahira ta dage sai an ba su abin da aka yanke, ta riƙo shi a kwali a kan cinyarta tun daga birni har gida. Liman ya sa aka haƙa rami a gindin ɗinya, kusa da na farko. Mika'ilu ya ce a tsaya, ya zaro guntun ƙarfen daga aljihu ya jefa a ciki, aka rufe.

Da kaka ta yi, aka ɗaure gero, ya tuna wa Sha'aban maganar gyara. Sha'aban yana saman rumbu yana karɓar dammuna, bai ko sauko ba.

"Yanzu kuma me za mu je mu ce? Kai da bakinka ka ce mata injin niƙa ne. Ka gode wa Allah kana raye. Akwai ranar da aka hana ka tuwo a gidan nan?"

Ba a hana shi ba. Kullum ana kai masa, a kwano mai murfi.

Sabuwar runduna ta kafa shingenta a mashigar gari, jifa ɗaya daga ɗinyar. Hadi ne ke tsayawa a wurin da rana. Abokan aikinsa da sunan ƙirjinsa suke kiransa, direbobi suka ɗauka, masu tallar gyaɗa suka ɗauka, har mutanen gari, don kada bakinsu ya suɓuce a gaban baƙi. Shi kuma na gindin ɗinya sai aka fara ce masa Dungu. Da farko a bayan idonsa, daga baya a gabansa. Wata rana Inna da kanta, da idonta ya yi rauni, ta ji ƙarar takalma a zaure ta ce, "Mika'ilu ne ya dawo? A zuba masa ruwa."

Rediyon mai shayi yana yawan kawo labarin gyaran da aka yi. An karɓe bindigogi kaza, an horar da mutum kaza, kuma a karon farko kowane suna yana da yatsansa, ba sunan bogi ko ɗaya. Ba ƙarya suka yi ba. Injin ya yi aikinsa, Malama Ramlat ta yi nata, doka ma ta tanadi komai, har takardar marar yatsa. Sai dai an ƙirga bindigogi a filin makaranta, an ƙirga yatsu a kan tebur, ba a kuwa samu wanda zai ɗaga asabarin ɗakin Inna ba. Wanda ya zalunci Mika'ilu bai zo daga daji ba. Ciki ɗaya suka fito, kuma har yau shi ke yanka masa ragon layya.

Da farko, idan aka ƙwala kira a shingen, mutum biyu ne ke waiwayawa. Jiya wata bas ta taho daga Tsanyawa, direban ya leƙo ya ce, "Mika'ilu! Ɗaga mana sandar nan!" Hadi ya ruga ya ɗaga. Tahira, da ta kawo wa mijinta fura a gindin ɗinya, ta tsaya tana kallonsa ko zai motsa.

Bai waiwaya ba. Yana sunkuye, yana share ganye daga kan tudun nan biyu da hannunsa na hagu, a hankali, don kada ya ɓata wa tururuwa hanya.